Filin Tambaya da Amsa: Idan gobarar daji ta cinye gari, wa ke ciyar da mutanen?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin wannan karon yawancinsu a kan gobarar dajin nan ne da ake yawan gani a waya tana lashe garuruwa a Amurka da Kanada, da kuma abin da ake kira bankin abinci. Na rage wa wasu tambayoyin tsawo, masu su su yi haƙuri, ban taɓa ma'anar ba.

Tambaya: Salam Malam. Ina yawan ganin bidiyon gobarar daji a Amurka, unguwa guda ta ƙone ƙurmus kamar wadda aka yi a Los Anjelis, sai in ji ana cewa bankin abinci ne ke ciyar da mutanen. Don Allah mene ne shi, na gwamnati ne? Kuma ta yaya suke iya ciyar da dubban mutane a rana ɗaya alhali kowa ta kansa yake yi? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba na gwamnati ba ne, ƙungiya ce mai zaman kanta wadda ba riba take nema ba, duk da dai gwamnati ma tana zuba mata kaya. Kuma ba wurin girki ba ne, yawanci ma ba shi ne ke miƙa wa mutum leda a hannu ba. Ƙaton sito ne da ɗakunan sanyi da manyan motoci da ma'aikata da 'yan sa-kai. Ka ɗauke shi kamar babban ɗan sari a kasuwar Dawanau, shi nasa tara kaya, masu ƙananan shaguna su zo su ɗauka su shiga da shi unguwanni, sai dai a nan masu shagon su ne coci-coci da masallatai da makarantu da ƙungiyoyin unguwa, kuma kyauta suke rabawa.

Bankin abinci na farko an buɗe shi ne a 1967 a birnin Phoenix na jihar Arizona, wani mutum mai suna John van Hengel ne ya kafa shi, sunan bankin St. Mary's, har yau yana aiki. Abin da ya lura da shi shi ne manyan kantuna na zubar da abinci mai kyau kullum, wani don gwangwanin ya ɗan lotse, wani don kwanan watan da aka buga a jiki ya matso, ga kuma masu yunwa a gari ɗaya. Yau a Amurka akwai irin waɗannan bankuna kusan 200 a ƙarƙashin uwar ƙungiya ɗaya mai suna Feeding America, suna ba wa wuraren rabo wajen 60,000 kaya. A 1996 ma aka yi dokar tarayya da ta kare kanti ko kamfanin da ya ba da abinci da kyakkyawar niyya daga a maka shi a kotu, wannan dokar ta taimaka sosai don Amurka ƙasa ce ta yawan shari'a, da babu ita mai kanti gara ya zubar da kayansa ya huta.

To amsar tambayarka ta biyu tana nan. Ba ranar gobara suke fara shiri ba. Sito a cike yake tun kafin wuta ta tashi, direbobi sun san hanyoyi, ana da lambar wayar kowane mai rabo a kowace unguwa, saboda aikin da suke yi ke nan kowace rana ko da gobara ko babu. Bankin abincin Los Anjelis tun 1973 yake aiki, wato lokacin da wutar ranar 7 ga Janairu 2025 ta tashi ya fi shekara 50 yana rabon abinci a yankin. Wutar nan kuwa ba ƙarama ba ce, busasshiyar iskar da suke kira Santa Ana ce ta riƙa kora ta, manyan gobara biyu, ta Palisades da ta Eaton, suka cinye gine-gine sama da 16,000, mutum aƙalla 30 suka rasu, sama da mutum 150,000 aka ce su bar gidajensu. Abin da bankin ya yi kawai juya akalar motocinsa ne zuwa inda mutane suka fake, bankunan wasu garuruwa kuma suka loda tireloli suka turo.

Kwanakin farko abin da ake kaiwa ba irin na kullum ba ne. Wanda ya kwana a mota ko a ɗakin taro ba shi da murhu ba shi da tukunya, in ka ba shi ɗanyar shinkafa ka ba shi kaya ne kawai. Sai ruwan roba, da abin da ake ci ba girki, burodi da man gyaɗa da 'ya'yan itace da gwangwanin da ake buɗewa da hannu, don ko abin buɗe gwangwani mutum bai fito da shi ba, sai madarar jarirai da famfas da audugar mata da sabulu. Dafaffen abinci mai zafi kuma aikin wasu ne, irin su Red Cross da Salvation Army da World Central Kitchen, ƙungiyar da mai girkin nan José Andrés ya kafa a 2010 bayan girgizar ƙasar Haiti. Su ke ɗora tukunya, bankin abinci na daga cikin masu kawo musu kayan da za su dafa.

Akwai kuma mutanen da ba a nuna su a bidiyo, waɗanda gidansu bai ƙone ba. An ɗauke musu wuta kwana da kwanaki, kuma a can kusan duk cefanen gida a firji yake. Hukumar noma ta Amurka ta ce firji a rufe awa 4 kawai yake riƙe abinci in babu wuta, firiza cikakkiya kuma awa 48. Bayan haka sai zubarwa. Abincin da hayaƙi ya ratsa ledarsa ko kwalinsa shi ma an ce a zubar, haka gwangwanin da ya sha zafin wuta ko da ka gan shi lafiya lau. Ga matsalar ruwa, bayan gobarar garin Paradise a Kalifoniya a Nuwamba 2018, wadda ta kashe mutum 85, an gano wani sinadari mai guba da ake kira benzin a bututun ruwan garin, aka daɗe ana hana mutane sha. A garin Lahaina na Hawai, da ya ƙone a 2023, da wasu unguwannin Los Anjelis ma an ba da irin wannan gargaɗin. Shi ya sa za ka ga tirela guda ba komai a cikinta sai ruwa.

Amma ni a ganina babban aikinsu ba na makon farko ba ne, makon farko kowa mai taimako ne, 'yan jarida na nan, masu kuɗi na nan, har abinci ya yi yawa. Wata uku wata shida, kyamara ta koma wani wuri, mutum na biyan hayar sabon wuri mai tsada, wani ma yana ci gaba da biyan bashin gidan da ya riga ya zama toka, kamfanin inshora na ja masa rai, wurin aikinsa ya ƙone. A nan ne kuɗin cefane ke fara guntulewa, don shi ne abin da mutum ke iya ragewa, haya kam ba a rage ta. Wanda ke nan a lokacin shi ne wanda dama can yana nan. Kuma nauyin ba a garin da ya ƙone yake sauka ba, a maƙwabta yake sauka. Mutanen Paradise da yawa garin Chico suka kwarara, wasu har tanti suka kafa a filin ajiye motoci na kantin Walmart, wuraren rabon abincin Chico su suka ji a jikinsu.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ina zaune a Kanada ne da iyalina. Da aka yi wata gobara a jiharmu na tattara kayan sawa masu kyau da kayan abinci cikin mota na kai wurin agaji, sai suka karɓi kaɗan suka ce sauran in koma da su, wai in ina so in taimaka in ba da kuɗi. Gaskiya raina ya ɓaci, sai na ji kamar kuɗin kawai suke so. Haka ake yi?

Amsa: Hajiya Allah ya ba da ladan niyya, kuma ki huce, ba raina kyautarki suka yi ba. Na san a wurinmu mayar wa mutum da kyauta abu ne mai ciwo, amma ki tsaya a gefensu ki duba. Kowace leda da ta shigo sai an sa mutum ya buɗe, ya duba ko ta lalace, ya ware na yara da na manya, ya nemo inda za a ajiye. Ke ɗaya ce kika kawo mota guda, to dubu nawa ne irinki a ranar? A gobarar Los Anjelis haka aka yi, kayan sawa suka taru tsibi-tsibi a filin sukuwar dawaki na Santa Anita da wasu wuraren, har wurare da dama suka sanar cewa sun daina karɓar tufafi. Wanda ke kwana a ɗakin otal da 'ya'ya huɗu ina zai kai buhun gwanjo? Kuma 'yan sa-kan da ya kamata a ce suna loda ruwa a mota sun koma naɗe riguna.

Kuɗi kuma a hannunsu ya fi auki fiye da a hannunki. Ke a kanti kike saye ɗaya-ɗaya, su sari suke yi kai tsaye daga kamfani ko gona, wani kayan ma kyauta ake ba su kuɗin mota kawai za su biya. Sannan akwai abubuwan da ba wanda ke kawowa a leda, man dizal na tirela, kuɗin wutar ɗakin sanyi, albashin direba, hayar ƙarin sito. Kuma kuɗi na iya jira, abin da ake buƙata yau ba shi za a buƙata nan da wata biyu ba.

Tunda a Kanada kike, ki tambayi waɗanda suka ga ta Fort McMurray a jihar Alberta. Ranar 3 ga Mayu 2016 aka kwashe garin kaf, mutum wajen 88,000, gine-gine kusan 2,400 suka ƙone. Yawancinsu kudu suka yi zuwa Edmonton, tafiyar sama da kilomita 400, sai nauyin ya faɗo kan bankin abincin Edmonton, wanda shi ne na farko a duk Kanada, tun 1981. Sai farkon Yuni aka fara barin mutane su koma, wata guda ke nan firji na rufe babu wuta da nama a ciki, dubban firji haka aka ɗaure su da salatif aka fitar bakin titi ba a ko buɗe ba. Shi kansa bankin abincin Fort McMurray sai da ya zubar da kaya masu yawa ya sake sabon lale. Wato ranar da mutane suka dawo gida ita ce ranar da buƙata ta dawo sabuwa, kowa na farawa daga gishiri da mai. Wanda ya ba da kuɗi a watan Mayu, kuɗinsa ya yi aiki a watan Yuni.

Shawarata, kafin ki loda mota ki kira su ko ki duba shafinsu, suna rubuta abin da suke nema a ranar. In kina son hannunki ya taɓa aikin, ki yi rajistar aikin sa-kai, amma kada ki ce lallai sai wannan makon, ki ce su sa ki a watan gaba ko na gaba da shi, lokacin ne hannu ke ƙaranci. Kayan sawan kuma ki adana, in kin ji wani gida takamaimai da suka samu matsuguni, ki tambayi girman yaransu ki kai musu da kanki.

Tambaya: Ni fa abin nan dariya yake ba ni. Amurka da ke ba duniya tallafi ita ce mutanenta ke bin layin abinci? Ina gwamnatinsu? Ko dai duk farfaganda ce? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗalibi, layin gaskiya ne, kuma ba gobara ce ta fara kawo shi ba. Alƙaluman hukumar nomansu na 2023 sun nuna mutum miliyan 47 ne ke zaune a gidajen da abinci ba ya wadatar su a ko da yaushe. Arzikin ƙasa daban, abin da ke aljihun mai wankin kwanuka a otal daban.

Gwamnati kuma tana yi, sai dai tafiyarta da takarda ce. Suna da shirin tallafin abinci mai suna SNAP, kati ne kamar na ATM ake sa wa mutum kuɗi duk wata ya yi cefane. In bala'i ya faɗa, shugaban ƙasa ya ayyana yankin, jiha na iya neman a buɗe na gaggawa mai suna D-SNAP, wanda ke ba da kuɗin wata guda ga mutanen da a da ba su cancanta ba. Wanda dama yana karɓa kuma abincinsa ya lalace ana iya mayar masa, in ya kai rahoto cikin kwana 10, kodayake akan ƙara wa'adin. Wani abin ma, a ƙa'ida katin ba ya sayen dafaffen abinci mai zafi, sai an ɗage dokar na ɗan lokaci saboda waɗanda ba su da kicin. Duk wannan sai an nema, an amince, an buɗe rajista, an tantance, makonni sun wuce. Ciki kuwa ba ya jiran sa hannun kowa. Tsakanin ranar gobara da ranar da kati ya fara aiki, bankin abinci ne ke riƙe da mutane, kuma wani ɓangare na kayan da yake rabawa ma na gwamnatin ne, ita ke saye daga manoma ta ba shi ya raba don shi ke da motoci da hanyar isa ga jama'a.

Akwai kuma waɗanda kuɗin hukumar agajin gaggawa ta FEMA ba ya kai musu saboda ba su da takardun zama, masu aikin lambu da shara da raino a gidajen da suka ƙone, gidan ba nasu ba ne amma abincinsu a can yake. Wuraren rabon abinci galibi ba sa tambayar takardar zama.

Tambaya: Malam ya batun musulmi a irin wannan hali? Ƙanina na karatu a Kalifoniya, hankalina ya tashi lokacin gobarar. In mutum ya je karɓar abincin nan ba za a haɗa masa da naman alade ba? Daga wata 'yar'uwa a Gombe.

Amsa: 'Yar'uwa damuwarki a kan hanya take. Kwalin da aka riga aka haɗa aka rufe zai iya zuwa da komai, har da gwangwanin alade, don ba da musulmi a rai aka haɗa shi ba. Amma ba dole a kan kowa, ki gaya wa ƙaninki ya buɗe baki ya ce ba ya cin alade, ba abin kunya ba ne kuma sun saba ji, Yahudawa ma suna da nasu ƙa'idojin, ga masu ciwon suga da masu cin ganye zalla. Wurare da yawa yanzu sun koma tsarin da mutum ke zagayawa ya zaɓi abin da yake so da kansa. Shinkafa da wake da taliya da kifin gwangwani da ƙwai da kayan lambu duk babu matsala, nama ne sai an duba, da kuma irin alewa da kayan zaƙin da ake sa wa jelatin, wani sinadari da ake samowa daga fata da ƙashin dabba, har da na alade. Sannan akwai ƙungiyoyin musulmi irin su ICNA Relief da Islamic Relief da ke aikin agaji a can, masallatai da yawa ma suna da nasu wurin rabon.

Gobarar Eaton ta taɓa musulmi kai tsaye, ta cinye Masjid Al-Taqwa da ke Altadena a yankin Los Anjelis, tsohon masallaci ne da baƙaƙen fatar Amurka suka kafa, azumin 2025 da ya kama a farkon Maris a wurin aro ya same su. A ta Fort McMurray kuma masallacin Al Rashid na Edmonton, wanda aka kafa tun 1938, ya buɗe ƙofarsa ga waɗanda suka gudo, musulmi da wanda ba musulmi ba. Har 'yan gudun hijirar Siriya da ba su daɗe da sauka a Calgary ba sai da suka yi karo-karo suka kai nasu.

Batun ma ya wuce halal kaɗai, abincin da mutum ya saba da shi ma magana ce. A Lahaina da ke tsibirin Maui na Hawai, inda gobarar 8 ga Agusta 2023 ta kashe mutum 102, 'yan asalin Filifins suna da yawa, ga 'yan asalin tsibirin, mutane ne na shinkafa da kifi. Kuma Hawai kusan kashi 85 zuwa 90 cikin 100 na abincinta daga waje ake kawo shi ta ruwa, ba tirelar da za ta taso daga jihar maƙwabta. A kwanakin farko da aka rufe hanyar shiga garin, mutanen gari ne da kansu suka riƙa loda kaya a ƙananan jiragen ruwa suna saukewa a bakin teku, suka kafa wuraren rabo a unguwanni, daga baya bankin abincin Maui da sauran ƙungiyoyi suka riƙa zuba kaya ta hannunsu. Tsarin ya yi kyau don su suka san tsohuwar da ba za ta iya fitowa layi ba, su suka san abin da ake ci a kowane gida.

Tambaya: Gaisuwa mai yawa Malam. Mu nan jihar Tawa kowace shekara bayan damina wutar daji na cinye mana ciyawa, wani lokaci har da rumbuna da bisashe. Muna da bankin cimaka a ƙauyenmu amma ya mutu. Shin irin wancan tsari na Turawa zai yi aiki a wajenmu? Daga wani makiyayi a Nijar.

Amsa: Muna amsawa Malam, Allah ya kiyaye gaba. Ka ga wutarku da tasu ba iri ɗaya ba ce. Tasu tana cin gidaje ne don da katako suke gini kuma sun shiga da garuruwa cikin daji. Taku abincin dabba take ci, kuma abin takaicin shekarar da damina ta yi kyau ita ce wutar ta fi muni don ciyawa ta yi yawa ta bushe, iskar hunturu na kaɗawa, guntun garwashin mai shayi ko wutar masu farautar gafiya ya isa. Makiyayin da makiyayarsa ta ƙone shi ma korarre ne, dole ya tashi kafin lokaci ko ya sayar da dabbobi a wulaƙance, yunwarsa kuma ba ranar take zuwa ba sai can cikin rani. Shi ya sa aikin share layukan tare wuta da ake yi a Nijar, wanda ake biyan mutanen karkara su yi, ni a wurina aikin abinci ne.

Kwafo tsarinsu yadda yake ba zai yiwu ba, don nasu a kan rarar manyan kantuna da kamfanoni ya ginu, mu kuwa ba mu da wannan rarar a karkara, a Legas ne ma ake da ƙungiyar Lagos Food Bank da ke gwada irinsa a birni. Rararmu da kaka take zuwa, lokacin da gero ke araha. Bankin cimakar da ka ambata a kan haka aka gina shi bayan fare-faren shekarun 1970 da 1980, a saya da kaka a ajiye, a sayar da sauƙi ko a ba da rance lokacin da rumbuna suka ƙare. Tunanin daidai ne. Abin da ke kashe su sananne ne, rancen da ba a biya, kwamitin da mutum ɗaya ya mamaye, babu littafin lissafi, sai ƙwari su gama da sauran. In za ku tada naku, ku duba wanne ne cikin waɗannan ya kashe shi tukuna.

Abin da za a ɗauka daga wurinsu ba ya buƙatar dala. Su kayansu ba ya zama, kullum yana shiga yana fita, wanda ya fara shiga shi ke fara fita, don haka ranar bala'i ba a tarar da ruɓaɓɓe. Suna auna abin da ya shiga da abin da ya fita su rubuta, kuma kowa na iya gani. Suna da jerin masu rabo tun kafin a buƙace su. Kuma sito ɗaya na da alaƙa da na garin gaba, in naka ya ƙone na maƙwabci ya ɗauke ka. Wannan na ƙarshen ku riƙe shi da kyau, kada ajiyar gari ta zauna a tsakiyar rumbunan kara inda wuta ɗaya za ta haɗa duka, a yi mata ginin ƙasa a share kewayenta, a kuma ƙulla yarjejeniya da ƙauye biyu ko uku. Wake kuma a zuba shi a buhun PICS mai ruɓi uku, yana kashe ƙwari ba tare da magani ba in an ɗaure shi da kyau. Ku makiyaya ma kada ajiyar ta tsaya kan gero, a haɗa da dusa da harawa.

Batun rubutu da jerin sunaye kada a raina shi, mu a Najeriya mun ga abin da rashinsa ke jawowa. A Oktoba 2020 jama'a sun fasa rumbunan tallafin korona a jihohi da dama saboda kaya na jibge ba wanda ya san na wa ne ko yaushe za a raba. A Disamba 2024 kuma mutane da dama sun mutu a turmutsutsun rabon abinci a Ibadan da Abuja da Okija, masu rabon niyyarsu alheri ce, amma an tara dubban mayunwata a ƙofa ɗaya a rana ɗaya. Da ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024 ma, kafin manyan motocin hukuma su iso mutanen gari ne suka ɗora tukwane suna kai wa sansanoni, hannun bayarwa kam muna da shi, sito da lissafi ne ba mu tanada.

Ta ina hatsin zai fito? Zakkar amfanin gona tana nan, ɗaya bisa goma ga noman damina, rabin haka ga na ban ruwa, in ya kai nisabi, kuma jihohi irin su Sakkwato da Kano suna da hukumomin zakka. Sai dai zakka tana da mutanen da aka ambata za a ba, batun ajiye ta kuwa ku zauna da malamanku kafin ku yanke. Mafi sauƙi a fara da sadaka da karo-karo, kowane gida tiya ɗaya ko biyu da kaka, masu dabbobi su kawo kuɗin ɗan akuya. Makulli ya zama biyu ko uku a hannun mutane daban-daban, a sa mata a kwamitin don su suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba, a riƙa karanta lissafin a bainar jama'a bayan sallar Juma'a ko ranar kasuwa. Kuma tun ranar farko a ware wani kaso a rubuta cewa wannan na gobara ne da ambaliya, kyauta za a ba da shi ba rance ba, don wanda rumbunsa ya ƙone a Nuwamba ba shi da abin biya sai wata kakar.

Masu tambaya kan inshorar gobarar kasuwa, saƙonninku sun iso, su za mu ɗauka a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.